Wa Yake Ƙirga Abin da Ya Rage a Rafin Jakara?

Gardama ce ta kaure a majalisarmu bayan sallar isha'i, tsakanin wani dattijo da ɗan maƙwabcinsa, saurayi ɗan jami'a. Dattijon yana labarin ƙuruciya, ya ce idan ruwan damina ya fara ja da baya sukan kama tarwaɗa da hannu a Jakara, sukan tarar da kififiya tana shan hantsi a gaɓa, da yamma kuma kirinjijiya ta sauko garke guda tana fito. Saurayin ya sunkuyar da kai yana murmushi, ya ce, "Baba, Allah ya ba ka haƙuri, wace Jakarar? Wannan dai kwatamin da muke toshe hanci idan za mu wuce?"

Dattijo ya yi rantsuwa, ya kira sunayen abokan wasansa, waɗanda yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya. Daga nan magana ta mutu, domin ba shi da hoto, ba shi da takarda, ba shi da shaida sai bakinsa.

Na kwana da abin a raina. Yaron bai yi rashin kunya ba, abin da ya buɗe ido ya tarar ke nan, baƙin ruwa da leda. Dattijon kuma ba mutum ne mai ƙarya ba. Amma a garin da yaran firamare ke haddace sunayen sarakuna tun daga Bagauda, an rasa mutum ɗaya a majalisa da zai ɗauko littafi ya ce ga kifayen da ke rafin nan shekara 40 da suka wuce, ga waɗanda suka rage yau.

Ra'ayina a fili yake. Ya kamata mutanen gari, ɗalibi da tela da malamin makaranta da mai lambu da masunci, su sa kansu aikin lura da halittun da ke rafuka da kududdufan birni. Kowa ya riƙe wuri ɗaya, ya riƙa zuwa a kai a kai, ya rubuta abin da ya gani, ya aika inda masana ke tarawa. A wurina wannan ya fi kwashe bola ta rana guda a ɗauki hoto a watse, kodayake ita ma kwashe bolar alheri ce. Abin da ba a ƙirga ba, idan ya ɓace ba mai iya tuhumar kowa a kansa.

Ga wanda bai san Kano ba: Jakara ta ratsa birni ta gefen Kasuwar Kurmi, ta fito ta wajen Fagge da Sabon Gari, ta bi ƙarƙashin titin filin jirgi, ta haɗu da rafin Getsi mai ɗauke da ruwan masana'antun Bompai, sannan ta zube a madatsar Wasai wajen Minjibir. A hanya tana kwasar ruwan wanke-wanke da na banɗaki da jinin kwata. A kudancin gari kuma rafin Salanta ke kwashe na Sharaɗa ya kai kogin Challawa, kogin da ake ɗibar wani kaso na ruwan famfonmu daga cikinsa.

Yadda aikin yake

Ba sabon abu nake kawowa ba, an riga an fara shi a ƙasar nan. A ƙarshen 2015 cibiyar nazarin tsuntsaye ta A.P. Leventis da ke Laminga kusa da Jos, wadda ke haɗe da Jami'ar Jos, ta ƙaddamar da shirin zana taswirar tsuntsayen Najeriya. An yanka ƙasar gida-gida a kan taswira, kowane gida kimanin kilomita 9 tsawo, 9 faɗi. Mai sa-kai zai shiga gida ɗaya, ya yi aƙalla awa biyu yana zagayawa, duk tsuntsun da ya gani ko ya ji kukansa ya shigar a manhajar BirdLasser. Shirin yana da tawagar Arewa, kuma matasanmu ne a ciki. Akwai kuma manhajojin eBird da iNaturalist. Ita ta biyun ko sunan halitta ba ka sani ba, ka ɗauki hoto ka ɗora, wasu za su taya ka ganewa.

Abin da ya fi burge ni kuwa shi ne duba ƙwarin cikin ruwa. A Afirka ta Kudu sun tsara wata hanya mai sauƙi da suke kira miniSASS, har yaran makaranta suna yi. Kayan aikin rariya ce ko ƙyallen gidan sauro da aka ɗaura a waya, da farar roba, da takarda mai hotunan rukunin halittu 13. Za ka motsa duwatsu da ciyawar bakin ruwa, ka tace, ka juye a roba, ka duba wa da wa suka fito. Kowane rukuni yana da makinsa. Waɗanda ba sa jure ƙazanta makinsu babba ne, masu jurewa ƙarami.

Hikimar a nan take. Kwalbar ruwan da aka kai ɗakin gwaji tana ba da labarin mintin da aka ɗebe ta kaɗai. Ƙwaro kuwa a cikin ruwan yake kwana yake tashi, makonni da watanni. Idan guba ta wuce da tsakar dare, kafin gari ya waye ruwan ya tafi da ita, amma ƙwarin da ta kashe ba za su dawo da safe ba. Idan ka tace ka sami ƙaguwa da 'ya'yan mazari iri-iri, ruwan yana da sauran lafiya. Idan ba ka samu komai ba sai matsattsaku da jajayen tsutsotsin nan na cikin taɓo, waɗanda jininsu ke ba su damar rayuwa inda iskar oksijin ta yi ƙaranci, ka san inda aka kwana.

A Ingila masu kamun kifi da fatsa suna yin irin wannan duk wata. Minti uku suke yi suna tattaka ƙasan rafi a gaban raga, su ƙirga rukunin ƙwari 8. Kowane wuri an yanka masa iyakar maki. Ranar da lissafi ya faɗi ƙasa da iyakar, sai a sanar da hukumar muhalli ta zo ta bincika. Wato mai fatsa ya zama ƙararrawar rafi.

"Mutane na fama da yunwa, kai kana zancen tsuntsaye"

Wannan ce maganar farko da za a jefe ni da ita, kuma ba na raina ta. Wanda bai san inda abincin dare zai fito ba, ba za ka tare shi da zancen zalɓe ba.

Amma a tuna da Zamfara. A farkon 2010, a wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum, agwagi suka fara ɓacewa. Mutane sun lura, sai dai ba wanda ya ɗauka wani abu ne. Bayan 'yan watanni yara suka fara jijjiga suna mutuwa. Gubar dalma ce, daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Yara aƙalla 400 suka rasu. Daga baya hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta riƙa kafa misali da agwagin nan, cewa su ne gargaɗin farko da aka gani aka wuce. Da akwai mutum ɗaya a kowane ƙauye da aikinsa ne ya rubuta "agwagi goma sun mutu a bakin kududdufi makon nan", kuma akwai inda zai kai labarin a saurare shi, wa ya san iyayen da za a tsare wa kuka?

Mu dawo Kano. Latas da alayyahu da kabeji da karas da ake nomawa a lambunan Kwakwaci da Gama da ruwan rafukan nan ake ba su. Masu bincike a jami'o'inmu sun sha auna ruwan da ganyayen, suna samun ƙarafa masu guba, har da kuromiyam da ake jimar fata da shi a masana'antu. Ba na ganin laifin 'yan lambu, ba su da wani ruwan, kuma da sana'ar suke ciyar da iyali. Abin da nake cewa shi ne ruwan da ya kashe kifi bai tsaya a kan kifi ba, ya biyo kwandon kayan miya ya shigo gida. Talaka ne ya fi kowa cin wannan ganyen, shi ne yaransa ke wanka a rafin, shi ne kuma ba shi da kuɗin asibiti. Don haka wanda ya ce zancen rafi na masu ƙoshi ne, ya juya lissafin.

Ko sauro ma haka ne. Kududdufi mai rai yana da ƙananan kifaye da 'ya'yan mazari masu cinye tsutsar sauro. Idan ƙazanta ta kashe su, sauron nan mai kuka a kunne, wanda ya fi son ruwan kwatami, shi ke gaje wurin ba mai taɓa shi.

Ga mu Musulmi kuma akwai abin da ya wuce lissafin amfani. Aya ta 38 a Suratul An'am ta gaya mana cewa babu wata dabba a bayan ƙasa, ko tsuntsu mai tashi da fikafikansa, face al'ummomi ne kamarmu. Hadisi ingantacce ya hana yin fitsari a ruwan da ba ya gudu. Addinin da ya tsawatar a kan fitsarin mutum ɗaya, me ake tsammanin zai ce a kan bututun da ke amayar da guba dare da rana?

"Ai rafin ya riga ya mutu"

Bai mutu ba, yana jinya ne. Duk wanda ya tsaya a kan gada da sassafe zai ga belbela tana kiwo a gefen lambu, zalɓe ya ƙame a cikin ruwa, shirwa tana shawagi, wani lokacin guza ya silale cikin ciyawa. A Wasai har yanzu masunta suna jefa koma. Daga Oktoba zuwa Maris tsuntsayen da suka tsallako Sahara daga Turai suna sauka a dausayin Haɗeja da Nguru, wasunsu kuma suna yada zango a ƙananan ruwayen gefen birane irin namu.

Sai dai ganin rai ba shi ne ganin lafiya ba, kuma a nan ne ido mai horo yake da amfani. Tarwaɗa tana da wata gaɓa a kanta da ke ba ta damar shaƙar iska kai tsaye, shi ya sa take rayuwa a ruwan da ya shaƙe sauran kifaye. Masuncin da a da komarsa ke fito da kurungu da kawara da karfasa, yanzu kuma sai tarwaɗa zalla, ya riga ya yi gwajin ruwa ko bai sani ba. Saura a rubuta, da kwanan wata.

A 1957 masana sun ayyana wani sashe na kogin Tems na Landan a matsayin matacce, saboda babu iskar da kifi zai shaƙa a ciki. Yau ana lissafa fiye da nau'in kifi 100 a kogin. Ba masu sa-kai ne suka gyara shi ba, doka ce da kuɗin gwamnati da aka zuba wa matatun ƙazanta. Amma yanzu mutanen gari ne suke duba tarkunan ƙirga 'ya'yan kifi a rassan kogin, su ne kuma suke bin gaɓa suna gano bututun da ke zubar da ruwan banɗaki ba bisa ƙa'ida ba.

Akwai wani abin da ke damuna game da wannan magana ta "ya mutu". Da zarar an yarda rafi ya zama kwatami, mataki na gaba shi ne a rufe shi. An riga an ɗaure wani sashe na Jakara da kankare a aikin titin Wuju-Wuju, kuma na fahimci murnar maƙwabtan da suka huta da wari da zaizaya. Amma ruwan bai tsarkaka ba, an dai kawar da shi daga ido, yana nan yana tafiya wajen 'yan lambu da masuntan Wasai yadda yake. A Seoul, babban birnin Koriya ta Kudu, sun taɓa rufe rafin tsakiyar gari suka ɗora babbar hanya a kansa. Tsakanin 2003 da 2005 suka rushe hanyar da kuɗi masu yawa suka sake buɗe rafin. Kafin mu rufe sauran namu, ko mu cike kududdufan da suka rage mu yi shaguna, ya kamata aƙalla a san me ke zaune a ciki.

"Aikin gwamnati ne"

Haka ne, aikinta ne. Sashe na 20 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa gwamnati kare ruwa da iska da ƙasa da daji da namun dawa. An kafa hukumar NESREA a 2007 don tilasta bin dokokin muhalli, ga kuma ma'aikatar muhalli ta jiha. Ban zo in sauke musu nauyi ba.

Amma jami'i yana zuwa da rana, ranar aiki, idan akwai mai a mota. Mai son zubar da guba kuwa ba ya jiran ranar ziyara, ya fi son dare ko lokacin da ake tafka ruwan sama. Idan kifaye suka mutu suka taso, cikin kwana biyu shirwa da karnuka da ruwa sun share wurin. Wanda zai ga abin da idonsa shi ne mai shayin bakin gada da yaron da ke bi ta nan zuwa makaranta.

Ɗan kasuwar da ba ya rubuta bashi, ranar da ya je karɓa sai a ce masa "yaushe?" ya tsaya yana rantse-rantse. Haka muke zuwa gaban hukuma: "ruwan nan ya lalace." Tun yaushe? Daga wane wuri zuwa wane wuri? Me ya canza? Shiru. Amma ƙungiyar unguwa da ta ajiye littafi na wata 24, da hotuna masu kwanan wata, tana nuna cewa sama da wani bututu akwai rukunin ƙwari bakwai, ƙasa da shi biyu, ba a sallamar ta da "za mu duba". Ɗan jarida zai iya bugawa, lauya zai iya riƙewa, ɗan majalisa zai ji kunyar musantawa.

A garin Filint na jihar Mishigan a Amurka, hukumomi sun yi ta cewa ruwan famfo lafiya lau bayan an sauya inda ake ɗibarsa a 2014. A 2015 mazauna garin suka ɗebo ruwa daga ɗaruruwan gidaje suka aika wa masana a jami'ar Virginia Tech, aka ga dalma a ciki, dole hukuma ta sauko. Idan a can sai da mutanen gari suka riƙo hujja da hannunsu, ban ga abin da zai sa mu mu zauna jira ba.

Akwai wani ɓangare na wannan ƙorafin da na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Matashi ya ƙona datarsa, ya biya kuɗin adaidaita, ya sha rana, sannan wani ya kwashe bayanan ya yi digiri ko ya samo tallafi daga waje, ko sunansa bai ambata ba. Wannan zalunci ne. Duk cibiyar da ta karɓi guminsa, yana bin ta horo na gaske, da aron madubin hangen nesa, da ambaton suna, kuma ta dawo unguwar ta faɗa wa mutane da Hausa abin da aka gano. Abin da ba na so shi ne a mayar da aikin taron bita a otal, a raba kuɗin zama, kowa ya tafi. Kuma ranar da aka fara biyan mutum gwargwadon yawan tsuntsayen da ya rubuta, ranar za a fara ganin tsuntsayen da Allah bai halitta a Kano ba.

"Wa zai yarda da ƙidayar tela?"

Masana sun daɗe da yarda. A 1900 wani masanin tsuntsaye a Amurka, Frank Chapman, ya nemi mutane su bar gasar harbin tsuntsaye da suka saba yi lokacin Kirsimeti, su ƙirga su kawai. Mutum 27 suka amsa. Har yau ana yin ƙidayar duk shekara, kuma da ita ake gane nau'in da ke raguwa. Ƙidayar tsuntsayen ruwa ta duniya, wadda aka fara a 1967 kuma ake yi kowane Janairu, ita ma mafi yawan masu yin ta 'yan sa-kai ne.

Mai koyo zai yi kuskure, ba shakka. Shi ya sa ake son hoto, shi ya sa akwai masu tantancewa. Idan ka rubuta tsuntsun da ba a san shi a yankinka ba, za a tuntuɓe ka a nemi hujja. Kuskuren mutum ɗaya yana narkewa cikin rahoton mutum ɗari. Farfesa kuwa, komai iliminsa, ba zai iya tsayawa a gada ashirin a safiya ɗaya ba. Binciken ɗalibin jami'a yakan ƙare da ƙarewar kuɗinsa ko zangon karatunsa, amma mai shagon bakin rafi yana nan shekara goma.

Sannan a daina ɗauka ilimin yana wajen masu boko kaɗai. Ka zauna da Sarkin Ruwa ko tsohon masunci, zai bambance maka gaiwa da minjirya da tsage da kurungu tun daga yadda ruwa ke motsi, ya gaya maka watan da kowanne ke ƙwai, da shekarar da ya daina ganin wani. Manomi ya san zuwan shamuwa alamar damina ta kusa, kuma zai iya gaya maka ko tana zuwa da yawa kamar da. Aikin sa-kai mafi gaggawa a ganina shi ne matasa su ɗauki waya su naɗi muryar waɗannan dattawa, a tambaye su wuri da lokaci da suna, a rubuta. Kowace shekara muna binne wasu daga cikinsu da abin da suka sani.

Wanda yake ganin na cika baki, ya tambayi kansa yaushe rabonsa da ganin ungulu. Mu da muka tasa muna ganin su jere a kan katangar kwata da rumfunan mahauta, ba mu san ranar da suka tafi ba. Ba a yi shela ba, kawai wata rana yaro ya tambaye ka yadda ungulu take. Guba da farautar sassan jikinta don haɗa magani sun cinye ta, har a 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya ta sa irin ungulun garuruwanmu cikin jerin waɗanda ke dab da ƙarewa. Tsuntsun da ya fi kowane sabawa da mutum ke nan, a tsakiyar kasuwa yake yini. Idan shi ya ɓace a gaban idonmu ba mu ankara ba, ina ga abin da ke ƙarƙashin ruwa?

Inda ya kamata a yi hattara

Ruwan nan yana da cuta. Akwai tsargiya, wadda ƙwayarta ke fitowa daga katantanwa ta huda fata, akwai amai da gudawa, akwai fasassun kwalabe da allurai a cikin taɓo. Kada kowa ya shiga ba takalmin roba da safar hannu, kada a tura yara su kaɗai, kuma a watan Agusta a tsaya a kan gada, domin rafin da ke kwance yakan cika ya tumbatsa cikin ɗan lokaci idan an yi ruwa a sama. Mafi yawan aikin ma daga gaɓa ake yin sa, da ido da biro.

Ga halin tsaro. Baƙon fuska da madubin hangen nesa yana rubuce-rubuce kusa da filin jirgi ko bariki, ya jawo wa kansa tambaya, kuma masu tambayar suna da hujja. A fara da gaishe da mai unguwa, a yi masa bayani, a tafi da ɗan unguwa. Wannan ma yana da wata riba, domin da mutanen wuri sun gane me ake yi, su ne za su riƙa tare ka da labari: jiya ruwan ya yi ja, shekaranjiya an ga kada.

Idan kuma aka ci karo da halitta mai wuyar samu, ko sheƙar tsuntsu mai ƙwai, kada a ɗora wurin a Facebook. Mafarauta da masu sayar da sassan dabbobi su ma suna da waya. Manhajar iNaturalist da kanta tana ɓoye ainihin wurin halittun da ke cikin haɗari, mu ma mu yi koyi.

Ba na so a bar mata a baya. Matar da gidanta ke kallon rafi ta fi kowa sanin ranar da wari ya sauya da ranar da kwaɗi suka yi shiru, kuma ba sai ta fita ba za ta iya rubutawa. 'Yan matan sakandare da ke karanta ilimin halittu a allo ba su taɓa ganin ɗan mazari a farar roba ba, alhali rafi yana bayan makarantarsu.

Farawa ba ta buƙatar tallafin kowa. Mutum uku ko huɗu su zaɓi gada ɗaya ko kududdufi ɗaya, su tsayar da safiya ɗaya a wata. A rubuta kwanan wata da lokaci, launin ruwa da warinsa, tsuntsayen da aka gani da adadinsu, abin da masunta suka kamo, da duk bututun da ke zuba. Ranar da ba a ga komai ba, a rubuta ba a ga komai ba, domin wannan ma bayani ne, wani lokacin ma shi ne mafi nauyi. A ɗora a manhaja, amma a ajiye kwafi a littafi a hannun makaranta ko kwamitin masallaci, saboda waya tana ɓata, manhaja tana iya rufewa.

Sashen nazarin halittu na Jami'ar Bayero da sauran manyan makarantunmu su ne ya dace su riƙe uwar rumbun bayanan, su raba wa makarantun sakandare gada-gada, su tura ɗalibansu su koyar da tace ƙwari. Gidajen rediyon Kano, da suke da sa'o'i na siyasa kullum, za su iya ware minti biyar a wata a karanta sakamakon: gadar kaza maki kaza, ya hau ko ya sauka. Watan Janairu ya fi dacewa da fitar farko, ruwa ya ja, gaɓa ta bushe, baƙin tsuntsaye suna nan, kuma abin da aka ƙirga zai iya shiga ƙidayar tsuntsayen ruwa ta duniya ta wannan watan.